Kama Da Wane Ba Ta Wane: Nasiha Ga Ɗalibanmu Kan Tsarin Mulkin Amurka Kafin Jarrabawa



Lokacin jarrabawa ya matso, duk gidan da ka leƙa a unguwa sai ka tarar da yaro rungume da littafi. A makon jiya na zauna da wasu yaranmu masu shirin WAEC da NECO da JAMB, waɗanda suka ɗauki darasin Gwamnati. Na ce su faɗa mini rassan gwamnatin Amurka. Kafin in rufe baki sun jero su: majalisa, zartarwa, shari'a. Sai na ce, to madalla, idan shugaban Amurka ya tashi yin abin da doka ba ta ba shi ba, wa zai hana shi, kuma ta wace hanya? Aka yi tsit. Can sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kawu, ai shugaban Amurka babu mai iya hana shi komai."

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yaron ba daƙiƙi ba ne, yana cikin masu ƙoƙarin ajinsu. Matsalar ita ce an koya masa haddar aku. Ya san sunayen rassa uku, bai san dalilin da ya sa aka raba su ba. Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ya gane dalili guda ɗaya da aka gina gwamnatin Amurka a kansa ya fi wanda ya haddace shafi ashirin samun maki. Wannan dalilin kuwa shi ne tsoron kada iko ya taru a hannu ɗaya.

Na san wani uba zai ce, me ya haɗa ɗana da Amurka, shi da zai rubuta jarrabawar Najeriya? Haɗin yana da ƙarfi. A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, kuma aikin kwamitin ne ya kai mu ga barin tsarin firaminista irin na Ingila, muka koma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko a ranar 1 ga Oktoba 1979. Samfurin da aka duba na Amurka ne. Shi ya sa kusan duk littafin Gwamnati, in ya zo bayanin tsarin shugaban ƙasa ko tarayya ko rabon iko, Amurka yake kawowa misali. Nan kuma tarkon yake, domin kama da wane ba ta wane. Yaro yana ganin sunayen iri ɗaya ne, sai ya ɗauko dokar Abuja ya ɗora wa Washington.

Bari mu fara da tushe. Yankuna 13 da Ingila ke mulka sun ayyana 'yancin kai ranar 4 ga Yuli 1776, bayan sun gaji da sarkin da majalisarsa ke ɗora musu haraji ba tare da suna da wakili a cikinta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka tsarin farko da suka yi, wanda ya fara aiki a 1781, haɗaka ce mai sako-sako. Babu shugaban zartarwa, babu tsarin kotunan tarayya, gwamnatin tsakiya ba ta da ikon karɓar haraji sai dai ta roƙi jihohi. Ba a daɗe ba aka ga illar hakan. Bashin yaƙi ya gagara biya, kuma da manoman Massachusetts suka yi bore a 1786 ƙarƙashin Daniel Shays, gwamnatin tsakiya ba ta da abin da za ta iya yi.

Shi ne wakilai 55 daga jihohi 12 suka taru a Filadelfiya a 1787 suka rubuta sabon kundi, aka sa masa hannu ranar 17 ga Satumba, ya fara aiki a 1789 da George Washington a matsayin shugaba na farko. Ku lura da halin da mutanen nan suke ciki. Sun ɗanɗana mulkin sarki mai ƙarfi, sun kuma ɗanɗana gwamnati marar ƙarfi, duka biyun babu daɗi. Sai suka ce a ba gwamnati ƙarfi, amma a yayyanka ƙarfin, a ba kowane reshe hanyar taka wa ɗan'uwansa birki. Tunanin raba iko gida uku sun same shi ne daga masanin Faransa Montesquieu, wanda littafinsa kan dokoki ya fito a 1748. Duk tambayar da za a yi muku kan Amurka, ku tambayi kanku abu biyu: wa ke da wannan ikon, kuma wa zai iya taka masa birki?

Mu ɗauki majalisa, wadda ita kundin ya fara ambata a babinsa na farko. Manyan jihohi sun so a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙanana suka ce ba su yarda a haɗiye su ba. Aka sasanta da majalisu biyu. Majalisar Wakilai tana da kujeru 435, ana raba su bisa ƙidayar da ake yi duk shekara goma, wa'adinsu shekara biyu. Majalisar Dattawa tana da 100, kowace jiha biyu, wa'adinsu shekara shida, kuma duk shekara biyu ana zaɓen kashi ɗaya cikin uku. Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 da Wyoming da mutanenta ba su kai dubu 600 ba, sanatocinsu daidai suke. A namu kuwa sanata uku ne kowace jiha, da ɗaya na Abuja, jimilla 109, wakilai 360, kuma kowa shekara huɗu yake yi. Wanda ya rubuta shekara huɗu wa sanatan Amurka ya zubar da makinsa a banza.

Ga wani wurin da yara ke zamewa. A Amurka mataimakin shugaban ƙasa shi ne shugaban Majalisar Dattawa, amma ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. A nan sanatoci ne ke zaɓen shugabansu daga cikinsu. Sannan sanatocin Amurka ba jama'a ke zaɓensu kai tsaye ba a da, majalisun jihohi ne, sai da gyaran kundi na 17 ya zo a 1913.

Me ya sa aka bambanta wa'adin? Domin kada guguwar zaɓe ɗaya ta share gwamnati gaba ɗaya. Shugaba na iya cin zaɓe da gagarumin rinjaye, bayan shekara biyu a zaɓen rabin wa'adi jama'a su ƙwace Majalisar Wakilai su miƙa wa 'yan adawa. Kuma majalisa ce ke riƙe da lalita. Ko sisi ba ya fita daga baitulmali sai da dokarta. Daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019 wani ɓangare na gwamnatin tarayya ya yi kwana 35 a rufe, saboda Shugaba Donald Trump da majalisa sun kasa daidaitawa kan kuɗin katangar iyaka da Meziko. Ga amsa ta farko ga yaron nan da ya ce babu mai hana shugaban Amurka komai.

Yanzu shugaban ƙasa. Dole a haife shi ɗan ƙasa, ya kai shekara 35, ya kuma yi shekara 14 yana zaune a ƙasar. Wa'adinsa shekara huɗu, sau biyu kawai. Wannan iyaka ba ta cikin kundin asali. Washington ne ya sauka don kansa bayan wa'adi biyu, ya zama al'ada, har Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu, a 1932 da 1936 da 1940 da 1944. Bayan rasuwarsa aka mai da al'adar doka ta gyara na 22 a 1951.

Shugaba shi ne babban kwamandan askarawa, amma majalisa ce ke da ikon ayyana yaƙi. Shi ke naɗa ministoci, waɗanda a can galibi sakatarori ake kiransu, da jakadu da alƙalan tarayya, amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Shi ke ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje, amma sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun yarda. Shugaba Woodrow Wilson shi ne kan gaba wajen kafa Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta farko bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma sanatoci suka ƙi amincewa da yarjejeniyar Versailles a 1919 da 1920, Amurka ba ta taɓa shiga ƙungiyar ba. Shi ma shugaba yana da nasa birkin. In majalisa ta kawo masa ƙudiri yana iya hawa kujerar na-ƙi, sai dai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya tsallake shi, kamar yadda aka yi wa Richard Nixon a 1973 kan dokar taƙaita ikon shugaba na tura sojoji yaƙi. In kuwa ya yi shiru har kwana goma ban da Lahadi, majalisa tana zama, ƙudirin ya zama doka. A Najeriya kwana 30 ake ba shugaba, kuma shirunsa ba ya mai da ƙudiri doka sai majalisa ta sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku.

Sai maganar tsigewa, inda harshenmu kansa ke rikita yara. Mu idan aka ce an tsige mutum, to ya bar kujera, kamar yadda aka yi wa Gwamna Balarabe Musa a Kaduna a 1981. A Amurka mataki biyu ne. Majalisar Wakilai tana tuhumar shugaba da rinjaye na yau da kullum, sannan Majalisar Dattawa ta zauna kamar kotu, Alƙalin Alƙalai yana jagoranta, kuma sai kashi biyu cikin uku sun same shi da laifi kafin ya sauka. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak. An tuhumi Bill Clinton a 1998, an tuhumi Trump a 2019 da 2021. Babu ko ɗaya da aka cire. Nixon, wanda yara da yawa ke cewa an tsige shi, murabus ya yi a watan Agusta 1974 kafin a kai ga ƙuri'ar.

Babban abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne yadda ake zaɓen shugaban. Jama'a suna jefa ƙuri'a ranar Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba, amma wakilan zaɓe ne ke zaɓen shugaba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe daidai da yawan 'yan majalisarta na Wakilai da Dattawa. Ku yi lissafin da kanku: 435 da 100, da uku na babban birnin tarayya waɗanda gyara na 23 ya ba shi a 1961, sun zama 538. Mai neman kujera yana buƙatar 270. A duk jihohi, ban da Maine da Nebraska, wanda ya yi rinjaye ko da ƙuri'a ɗaya ce shi ke kwashe wakilan jihar duka. Shi ya sa a 2000 tazarar ƙuri'a 537 a Fulorida ta ba George W. Bush shugabanci, alhali Al Gore ya fi shi ƙuri'u a faɗin ƙasa. A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'u kusan miliyan uku, amma shi ya samu wakilai 304, ita 227. In babu wanda ya kai adadin da ake buƙata, Majalisar Wakilai ce ke zaɓa, kowace jiha ƙuri'a ɗaya, kamar yadda ya faru bayan zaɓen 1824.

Mu ba mu kwafi wannan ba. Namu shi ne mafi yawan ƙuri'u, tare da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Iyayenmu suna tuna rigimar 1979, lokacin jihohi 19 ne, Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, ya samu kusan kashi 20 a Kano, Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta tabbatar wa Shagari. Hanyoyin biyu daban suke, amma damuwar kusan ɗaya ce, kada yanki ɗaya mai yawan jama'a ya naɗa shugaba shi kaɗai. Ɗalibin da ya iya faɗin wannan a tambayar rubutu ya nuna wa mai duba takarda cewa ya gane.

Reshe na uku shi ne shari'a. Kotun Ƙolin Amurka tana da alƙalai tara, kuma kundin bai faɗi adadi ba, dokar majalisa ce ta tsayar da tara tun 1869. Ba su da shekarun ritaya, sai mutuwa ko murabus ko tsigewa, saɓanin namu da ke sauka a shekara 70. An yi haka ne don kada alƙali ya ji tsoron wanda ya naɗa shi. Ikon kotu na soke dokar da ta saɓa wa kundi ma ba a rubuta shi ƙarara ba. Alƙalin Alƙalai John Marshall ne ya kafa shi a shari'ar Marbury da Madison a 1803. Ku riƙe wannan suna da wannan shekara da kyau. A 1974 kotun ta umarci Nixon ya miƙa kaset-kaset ɗin hirarrakin ofishinsa, alƙalai takwas da suka zauna duk bakinsu ɗaya, uku daga cikinsu shi ya naɗa su. Ita ma kotun ana taka mata birki, domin shugaba ke naɗawa, sanatoci ke tantancewa, kuma gyaran kundi yana iya shafe hukuncinta.

Ba a tsaya ga raba iko tsakanin rassa uku ba, an kuma raba shi tsakanin tarayya da jihohi 50. A can jihohin farko ne suka haɗu suka haifi tarayya, a nan gwamnatin tsakiya ce ta riƙa yanka jihohi, daga 12 a 1967 har 36 a 1996. Wannan bambancin asali shi ke bayyana saura. Gyara na 10 ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba, ba a kuma hana jihohi ba, na jihohi ne ko na jama'a. Kowace jiha tana da nata kundin tsarin mulki da kotunanta da jami'an tsaronta, ƙananan hukumomi da birane ma suna da 'yan sandansu. Jihohi ke gudanar da zaɓe, har na shugaban ƙasa, babu hukuma ɗaya irin INEC. Gyaran kundi kuwa sai kashi biyu cikin uku na majalisu biyu sun gabatar, jihohi 38 sun amince, shi ya sa cikin fiye da shekara 230 gyara 27 kawai aka yi. Goma na farko, na 1791, su ne na haƙƙoƙin ɗan ƙasa, irin 'yancin addini da faɗin albarkacin baki.

Jam'iyyu fa? Kundin bai ambace su ba ko sau ɗaya, Washington ma ya yi gargaɗi a kansu a jawabinsa na bankwana a 1796. Duk da haka jam'iyyu biyu, Democrat da Republican, su suka mamaye fage tun tsakiyar ƙarni na 19. Babu dokar da ta ce biyu za su zama. Tsarin wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka ne ke kashe ƙananan jam'iyyu. Kuma mutum yana iya tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka ina cewa tsarin Amurka ba shi da aibu. Kundin da ya buɗe da sunan jama'a ya bar bauta a wurinta, har ya ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru. Sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin gyara na 13 ya haramta bauta. Mata ba su samu tabbacin ƙuri'a a faɗin ƙasa ba sai 1920. Baƙaƙen fata na kudu, duk da gyara na 15 na 1870, ba su samu damar zaɓe ta gaske ba sai da dokar 1965. Kotun Ƙolin da ta halatta wariyar launin fata a 1896 ita ce ta soke ta a makarantu a 1954. Rabon ikon kansa yana jawo jan ƙafa da kiki-kaka, kuma Amurkawa da yawa suna sukar tsarin wakilan zaɓe. In aka tambaye ku illolin tsarin shugaban ƙasa, waɗannan su ne misalanku.

Wasu malamai za su ce lokaci ya ƙure, hadda ita ce gajeriyar hanya. Ban raina hadda ba, dole ne yaro ya riƙe 435 da 100 da 538 da 270. Amma masu shirya tambayoyi sun san abin da yara ke haddacewa, shi ya sa suke juya tambayar, su jera amsoshi huɗu masu kama da juna. A nan mai hadda ke canki-canka, wanda ya san dalili kuwa ko lamba ta kuɓuce masa yana iya lissafo ta.

Shawarata ga ɗalibai ita ce, ku samu takarda ku ja layi a tsakiya, Amurka a dama, Najeriya a hagu. Ku rubuta yawan 'yan majalisa, wa'adi, zaɓen shugaba, kwanakin sa hannu kan doka, tsigewa, alƙalai, 'yan sanda da gyaran kundi. A ƙarƙashin kowane ku rubuta dalili da hannunku. Sannan ku zauna ku uku ko huɗu, ɗaya ya zama shugaba, ɗaya majalisa, ɗaya kotu, kowa ya faɗi yadda zai hana ɗan'uwansa. Ku yi bayanin da Hausa har ya zauna, sannan ku mai da shi Turancin jarrabawa tare da kalmomin da ke littafinku. Abin da ba ka iya bayyana wa ƙanenka da harshen gida ba, ba ka gane shi ba tukuna.

Iyaye kuma, ko ba ku yi boko mai zurfi ba, kuna da rawar takawa. Yawancinmu da rediyo muka tashi, mun saurari zaɓukan Amurka tun ba a haifi yaran nan ba. Bayan sallar isha'i ka kira ɗanka ka tambaye shi yadda aka yi mai ƙuri'u mafi yawa ya faɗi zaɓe a 2016. In ya yi maka bayani ka gamsu, to ya shirya. In ya fara kame-kame, ka mai da shi ga littafi tun da sauran lokaci. Kuɗin rajistar nan ba a tsince su a ƙasa ba, kuma yaron da ya gane wa ke da ikon hana wa a gwamnati, gobe ba za a ruɗe shi da surutun siyasa cikin sauƙi ba.

Masu diploma da digiri a cikinmu da ke da hali, ku ba da ko awa ɗaya a ƙarshen mako ku zauna da yaran unguwarku. Wanda ya ga gyara a abin da na rubuta, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa su fito da sakamako mai kyau. Amin.